Kafin ka zana kulob a takarda, je ka ƙirga kofunan mai shayi

Tun wajen shekarar 2007 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta darasin koyon kasuwanci a kan kowane ɗalibi, likitanci yake karantawa ko tarihi. A sabuwar manhajar da aka ƙaddamar a ƙarshen 2022 darasin ya kasu biyu, ENT 211 a aji biyu da ENT 312 a aji uku, kuma a na biyun ne ake so ɗalibi ya zauna ya tsara sana'a tun daga tushe. A Legas, da zarar ɗalibi ya zaɓi sana'ar dare, an san abin da zai iso teburin malami: kulob a Lekki ko Victoria Island, fitilu masu launi, mai saka kiɗa, 'yan tsaron ƙofa masu ƙirar samudawa, jarin miliyoyin da ba a faɗi inda za su fito ba, da ribar da ke hawa kowane wata kamar farashin shinkafa. 'Ya'yanmu na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago da ke karatu a Akoka ko Ojo ko Yaba su ma haka suke yi, sai dai su ƙara jimla ɗaya a ƙasa, wai nasu kulob ɗin babu giya.

Ra'ayina shi ne wannan takarda ba ta cancanci maki mai yawa ba, kome kyan bugunta. Ɗalibin da ya tashi a cikin Hausawan Ikko yana zaune a kan ilimin kasuwancin dare da 'yan ajinsa ba su da shi, amma kunya ta hana shi rubutawa.

A fara da jimlar nan ta "babu giya", domin nan lissafin ke rushewa. Kulob ba da kuɗin shiga yake rayuwa ba, ba kuma da abinci ba. Kwalba ce ke ɗauke da shi. Ana sayar da ita ninkin ba ninkin farashinta na kanti, kuma wannan ratar ce ke biyan haya da dizal da albashi da mai kiɗa. Ɗalibi Musulmi ya yi daidai da ya cire ta, babu jayayya a nan. Kuskurensa shi ne ya cire ginshiƙin ya bar rufin, ya bar hayar Lekki da na'urorin sanyaya ɗaki goma a wurinsu, yana sa ran zoɓo da kunun aya za su riƙe su. Ba za su riƙe ba. Ko masu sayar da kwalbar, da yawansu cinikin Disamba ne ke rufe musu ramukan sauran watanni, lokacin da 'yan ƙasar waje suka dawo gida da kuɗi a aljihu. Wanda ya cire giya dole ya sauya sana'ar gaba ɗaya: wuri, girma, da irin mutanen da yake jira.

An ce dare mahutar bawa, amma Legas ba ta ji wannan karin maganar ba. Da ƙarfe ɗaya na dare manyan motocin tumatir da albasa da tattasai daga Arewa suna shiga kasuwar Mile 12, 'yan dako suna sauke kaya. Direbobin tanka da tirela suna kwana a layi a hanyar Apapa. Mahauta suna shirin sammako zuwa mayankar Oko-Oba. Ga masu gadi, ga ma'aikatan asibiti masu aikin dare, ga direbobin Uber da Bolt da ke jiran waɗanda za su fito daga wuraren shaƙatawa, ga masu gasa burodi. Duk waɗannan suna jin yunwa, kuma kullum suke jin ta, Litinin da Asabar, damina da rani. Mutanen da ke ciyar da su an san su: mai shayi, mai tsire, mai indomi da ƙwai, mai gasasshiyar kaza. Tsiren Obalende da na Glover Court a Ikoyi da na titin Allen a Ikeja sun yi suna har wajen ƙasar nan ba tare da kwalba ɗaya ba. Wannan shi ne kasuwancin daren da ɗalibi zai iya taɓawa da hannunsa, ya auna, ya gwada da ɗan jarin da bai fi ƙarfin yayansa ko kawunsa ba.

Na san abin da za a ce. Na je jami'a ne don in zama mai shayi? Amsar ita ce ba a ce ka ɗauki buta ba, an ce ka fahimci sana'ar da ke tafiya shekara da shekaru ba bashin banki, ka gano inda take yoyo, ka toshe. Aikin ɗan boko ke nan a cikinta.

Matakin farko ba a ɗakin karatu yake ba. Ɗalibi ya zaɓi wuri biyu ko uku, ya je ya gaida mai wurin yadda ya kamata. "Baba, barka da dare, ɗalibi ne ni, an ba mu aiki a makaranta, ina neman izini in zauna nan gefe in ga yadda ciniki ke tafiya." Ya sayi shayinsa, kada ya zauna a bencin mutane hannu rabbana. Dattijon zai iya ce masa, "Zauna ɗana, amma ban da ɗaukar hoto," kuma sharaɗin ya yi daidai. Kada ya tambaye shi nawa yake samu, babu ɗan kasuwar da zai faɗa, in ma ya faɗa ba gaskiya ba ce. Ƙirga zai yi. Ya raba takarda rabin awa rabin awa, daga bayan isha'i zuwa ƙarfe uku. A kowane gida ya rubuta mutum nawa suka tsaya, nawa suka zauna, nawa suka ce a ƙunsa musu, me suka saya, minti nawa suka yi a kan benci, da tsabar kuɗi suka biya ko tiransifa. Ya yi dare bakwai a jere, domin Talata da Juma'a ba ɗaya ba ne, ya kuma tabbata ɗaya daga cikin dararen an yi ruwa. Ya sake zuwa a makon da albashi ya shiga da makon da aljihu ya bushe.

Wanda ya yi haka zai ga abin da ba ya cikin littafi. Zai ga mai shayi ya ɗaga kofi sama ya tsiyayo shayin zuwa wani kofin a ƙasa, zaren ruwan ya miƙe ba ɗigo ɗaya a ƙasa, sau uku ko huɗu, har kumfa ta taso kuma zafin ya sauka daidai baki. Yayin da yake haka, ɗayan idonsa na kan kaskon ƙwai, kunnensa na kan wanda ke cewa a ƙara madara. Zai lura gwangwanayen madara da na Milo da aka jera kamar bene a gaban tebur talla ce, yawancinsu ma babu kome a ciki. Zai ga cewa kuɗin ba a ganyen shayi yake tafiya ba, a madara yake tafiya, kuma hannun da ke tsiyaya ta shi ke yanke hukuncin riba ko faɗuwa.

Lissafin nama ne ya fi kayar da masu tsarin takarda, don haka bari a daɗe a kansa. A ce an sayo tsoka kilo 10 ba ƙashi. Kafin ta hau wuta sai an gyara ta, an cire jijiya da tantani da kitsen da ba ya gasuwa, a nan kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya tafi. Wuta kuma tana cin nata, ruwa da kitse suna tsiyaya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyin. Abin da zai rage na sayarwa bai wuce kilo 6 da 'yan kai ba. Ma'ana, kilon gasasshen nama ya tsaya maka kusan sau ɗaya da biyu bisa uku na kuɗin da ka saye shi ɗanye, tun kafin ka sa kuɗin gawayi da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da citta da barkono da kanumfari da albasa da tumatir da kabeji da takardar naɗi. Ɗalibin da ya rubuta "na sayi kilo 10, na sayar da kilo 10" ya ƙirƙiri kilo huɗu da babu su.

Tsire kuwa da tsinke ake sayar da shi, nan ma akwai wata ƙofar. In bayan gyara ka samu kilo 8 da rabi, kana sa giram 50 a kowane tsinke, za ka tashi da tsinke 170. In hannun yaron da ke tsirewa ya ɗan yi nauyi ya koma giram 60, bambancin da ido ba zai gani ba, tsinke 141 za ka samu. Tsinke 29 sun ɓace ba tare da kowa ya saci kome ba. Ga ɗanɗano, wanda al'ada ce da ba za ka iya sokewa ba a Legas: mai saye ya tsaya, a yanko masa ɗan yanki a tsoma a yaji a miƙa masa a bakin wuƙa. Giram 10 ne kawai, amma mutum ɗari sun cinye kilo guda. Ga gyara a kan ƙunshi. Tsohon mahauci duk ya san wannan a tafin hannunsa, shekaru sun zama masa sikeli. Kai da ba ka da shekarun, ka sayi sikelin kicin, ka auna tsinke goma daga kowane tire kafin a barbaɗa ƙuli. Balangu ya fi wuyar tsarewa domin da ido ake yanka shi, saboda haka mai farawa ya fi aminci da tsire da kaza da ake ƙirgawa.

Sai abin da ya kwana. Tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas ƙwayoyin cuta ke hayayyafa a nama, kuma daren Legas a tsakiyar wannan zangon yake. Naman da aka gasa rabi aka jera a tukuba tun magariba, ana ɗumama shi in mai saye ya zo, in ya kai asuba ya riga ya yi awa goma ko fiye a wannan yanayin. A mayar da shi gobe, a rufe da sabon yaji, shi ne hanyar da sana'a ke kashe kanta, domin mutum ɗaya da ya kwana yana zawo zai gaya wa layinsu duka. Maganin shi ne a tsire duka da rana, a ajiye a firiza, a riƙa fitowa da tire ɗaya ɗaya gwargwadon yadda takardar ƙirgar nan ta nuna. Kaza sai cikin cinyarta ya kai digiri 74, kuma ma'aunin da ake cakawa a nama ba shi da tsada. Katakon yankan ɗanye daban, na gasasshe daban.

Firiza kuwa ta kawo mu ga wuta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, duk tsarin da ya rubuta "janareta" a layi ɗaya ya wuce bai yi aikinsa ba. A watan Afrilun 2024 kuma kuɗin lantarkin rukunin A, wato layukan da suka fi samun wuta, ya ninka fiye da sau uku zuwa naira 225 kowane yunit kafin a ɗan sassauta, don haka sai ɗalibi ya binciki rukunin da layin unguwar yake. Ya jera kayansa ya tara: firiza kusan wat 200, talabijin babba 120 zuwa 150, ƙwan fitila goma masu wat 10, fanka huɗu kusan 300. Jimla tana wajen wat 750, awa takwas ya zama kusan yunit 6 a dare. Ƙaramin janareta zai sha lita shida zuwa takwas a wannan lokacin, wato wajen lita 200 a wata in babu wutar NEPA sam, ban da baƙin mai da gyara. In inbata zai sa, batirin nan mai nauyi na bolt 12 da amfiya 200 yunit 2.4 yake ɗauka, kuma rabi kawai ake sha in ana so ya daɗe, ke nan sai an jera wajen biyar. Abu biyu ke yawan ɓata wannan lissafin. Firiza tana jan ninkin wutarta sau uku ko fiye a daidai lokacin da injinta ke tashi, sai inbata ƙarama ta ɗauke. Sannan wani yaro zai jona butar lantarki mai wat 2,000 don ruwan shayi ya yi saurin tafasa, batir ya ƙare kafin sha biyu. Ruwa da suya a kan gas, tukunyar kilo 12.5, a ajiye ta nesa da gawayi. Janareta a waje, inda iska ke kaɗawa, domin hayaƙinsa ya sha kashe mutane a barci a garin nan.

Yawancin ɗalibai suna so su haɗa da kallon ƙwallo, kuma dabara ce mai kyau in an san tarkonta. Mai cin indomi minti ashirin yake yi ya tashi, a awa biyu kujera ɗaya ta ɗauki mutum shida. Mai kallon ƙwallo zai riƙe kujerar awa biyu cur da kofin shayi guda. Kujera 30 a daren wasa mutum 30 ne, ba 180 ba. Dole ko a karɓi kuɗin shiga, ko a sayar da tikitin da ya haɗa kujera da tsinke biyu da abin sha, kuma a ware bencin masu ci su tafi a wani gefe. DStv na gidan kallo rajistarsa daban da ta gida, kuɗinsa ya fi yawa, a rubuta na gaskiya. Wasannin Zakarun Turai suna zuwa Talata da Laraba, waɗanda su ne dararen da ciniki ya fi mutuwa, nan amfaninsu yake. Manyan wasannin ƙarfe takwas suke farawa a agogonmu a farkon kakar wasa da ƙarshenta, ƙarfe tara daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, wato wasan da ya kai ƙarin lokaci da fenariti yana dab da sha biyun dare. Abin da ba na gani a takardun ɗalibai shi ne Yuni da Yuli. Gasannin Turai suna hutu, kuma watannin ne ruwan Legas ya fi tsanani, titi ya cika, mutane su shige gida da wuri. A wannan lokacin ne kuma wasu yaran da suka zo ci-rani ke komawa gona. Watanni biyu ke nan da haya ke tafiya, ciniki ya ja baya, ma'aikata sun ragu. Tsarin da bai tanadi kuɗin da zai ratsa su ba zai mutu kafin Agusta.

Azumi akasin haka ne, daga bayan tarawihi har sahur ana ciniki, amma yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, sai a duba watan da zai faɗo. Kafin Babbar Sallah dabba tana tsada, bayanta kuma mako guda ko biyu kowane gida da soyayyen nama, mai tsire sai ya rage yanka.

Wuri shi ne inda doka ke shigowa. Jihar Legas tana da dokar 2003 da ta hana kasa kaya a titi, kuma ta shafi mai sayarwa da mai saye. Jami'an tsaftar muhalli da har yanzu mutane ke kira KAI suna iya zuwa su kwashe tebur da tukuba a mota ɗaya. Cewa wasu sun shekara ashirin a bakin titi ba hujja ba ce da za a rubuta a tsarin kasuwanci. Kama shago kuma yana nufin hayar shekara a dunƙule, da la'adar dillali da kuɗin lauya da galibi kowannensu kashi 10 cikin ɗari ne. Dokar haya ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ta tsame Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA, wuraren da masu mafarkin kulob suka fi so. Hanyar da ta fi dacewa da ɗalibi ita ce ya nemi filin da ke aiki da rana ya mutu da dare: wurin wankin mota, harabar kantuna, filin ajiye motoci. Akwai katanga, akwai daɓe, sau da yawa akwai rijiyar burtsatse da mai gadi. A rubuta yarjejeniya, a faɗi ƙarfe nawa za a shiga, ƙarfe nawa za a bar wurin a share, wa zai biya ruwa da shara. Ban da kusa da gidan mai ko mai sayar da gas.

Ƙara ita ce ta biyu. Hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ta ƙayyade disibel (ma'aunin ƙara) 55 da rana, 45 da dare a unguwannin zama, kuma tana rufe kulob da coci da masallaci a kan haka. Hirar mutum biyu kawai tana kai 60. Janareta mara murfi ya wuce 70. Yanzu ka ƙiyasta ihun mutum talatin in an ci ƙwallo ƙarfe sha ɗaya saura. Maƙwabci ɗaya mai jariri ya isa ya rubuta ƙorafi. Saboda haka kafin a biya ko sisi, a tsaya a wurin da dare a duba taga mafi kusa ta ɗakin kwanan wani.

Sauran takardun ba su da wuya, mantawa da su ake yi: rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, izinin ƙaramar hukuma, gwajin lafiyar masu taɓa abinci, kuɗin allon talla na hukumar LASAA, kuɗin masu kwashe shara, tukunyar kashe gobara. Akwai harajin kashi 5 cikin ɗari da jihar ta ɗora tun 2009 a kan abin da aka ci aka sha a otal da gidajen abinci. Farar robar nan ta kumfa da ake zuba indomi an hana ta tun Janairun 2024, kuma daga 1 ga Yulin 2025 hanin ya faɗaɗa zuwa wasu robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya, don haka kuɗin mazubi ya canza. Tsohuwar jarida kuma tawadarta tana narkewa a mai, a koma takarda mara rubutu. Shisha, wadda ɗalibai ke son cusawa don ta cike gurbin giya, shawarata a bar ta. Jihar tana da dokar 2014 kan shan taba a wuraren jama'a, kuma irin taron da shisha ke jawowa yana korar magidanta, ya jawo idon hukuma.

Akwai kuma kuɗin da ba shi da rasit. Samarin unguwa za su zo, kuma ɗalibin da ya yi kamar babu su yaudarar kansa yake. Abin da ke rage wannan shi ne shiga ta ƙofa: a gaida Baale, wato mai unguwar Yarabawa, a gaida shugabannin ƙungiyar ci gaban unguwa, a je wurin Sarkin Hausawan yankin, a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Baƙon da aka san wanda ya tsaya masa ba a taka shi kamar wanda ya faɗo daga sama.

A cikin gida kuma, kuɗi ta ƙananan ramuka yake zuba. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 masu saye sun saba da tiransifa, tare da ita kuma alat na bogi ya yawaita. Ƙa'ida ɗaya ce: ba a kallon wayar mai saye, sai kuɗin ya bayyana a na'urar POS ko wayar shago. Asusun kuma na shago ne, kada yaro ya ba da lambar asusunsa "saboda netwok". Ba a tsare ciniki da tsare aljihun yara, da ƙirga kaya ake tsare shi. Kiret ƙwai 30 ne, katan ɗin ƙaramar indomi 40, tsinke an ƙirga kafin a fito da shi, burodi an ƙirga. In an tashi a ƙirga abin da ya rage, bambancin shi ne abin da ya kamata a gani a kuɗi, a ware biyu ko uku na fashewa. Bashi ba za a guje masa ba, masu gadi da direbobi sai ƙarshen wata, amma a sa wa kowa iyaka a littafi. Sannan a tambayi kai yadda ma'aikaci zai koma gida ƙarfe uku na dare. An hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida tun Yunin 2022, aka ƙara huɗu a Satumba, motocin bas na BRT da jirgin ƙasa ba sa kwana suna aiki. Ko dai ma'aikatan 'yan unguwar ne, ko a tanadi ɗakin da za su kwanta har gari ya waye, kuma wannan ma kuɗi ne.

To ina sabon abin da ɗalibin ya kawo, tunda malami zai tambaya? Yana wurin mutanen da teburin mai shayi bai taɓa ɗauka ba. Mace ba ta zama a bencin mai shayi, magidanci ba ya zuwa da iyalinsa, ma'aikaciyar jinya da ta tashi aiki sai dai ta tsaya daga nesa ta aika. Wuri mai haske sosai, da banɗaki mai tsabta, da wurin wanke hannu, da ɓangaren iyali, da ɗan wurin salla, da farashi a rubuce a allo yadda ba sai an yi ciniki ba, wannan kasuwa ce da ke nan ba a taɓa ta sosai ba. Ana iya ƙarawa da aike ta manhajoji irin su Chowdeck da Glovo, a tuna suna cire kasonsu, kuma tsire yana saurin sanyi ya daskare da kitse. Wuƙa da wuta kuwa a bar wa mai su. Ba a koyon fawa a zangon karatu ɗaya. A nemi ƙwararren mahauci a yi tarayya da shi a kan kaso, shi da hannu, kai da firiza da sikeli da littafi da takardun hukuma, a rubuta a gaban shaidu tun ana dariya.

Ga malamai kuma, laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Muddin shafi arba'in masu zane-zane da aka kwafo daga intanet sun fi samun maki a kan shafi shida da aka ƙirgo a bakin titi, ɗalibai za su ci gaba da gina kulob a takarda. Kamata ya yi kaso mafi tsoka na maki ya tafi ga takardar ƙirga mai kwanan wata da sa'a, da farashin da aka jiyo daga bakin mahauta a Oko-Oba da 'yan gwari a Mile 12, da gwaji na zahiri. Gwamnatin jiha ma, da ke son a kira Legas birnin da ba ya barci, tana iya ware filaye masu fitila da ruwa da banɗaki inda masu abincin dare za su biya kuɗi ɗaya sananne su samu rasit, maimakon a bar su tsakanin motar kwashe kaya da samarin unguwa.

Gwajin ba ya buƙatar jiran kowa. Dare uku, Alhamis da Juma'a da Asabar, a filin aro. Nama kilo 5, kiret biyu na ƙwai, katan ɗaya na indomi, burodin Agege goma, benci biyu, fitilar caji. Kowane dare kafin a share wuri a rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa aka yi cinikin farko, ƙarfe nawa aka yi na ƙarshe, tsinke nawa ya rage, mutum nawa suka tambayi abin da babu. A daren Asabar a ƙara na biyar, fuska nawa daga cikin na Alhamis suka dawo.